Yadda Wasan Iya Ya Zama Ƙwayar Sadiƙu

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Amintattu,
Asibitin sha-ka-tafi na taimakon marasa ƙarfi da ke unguwarmu,
Birnin Zazzau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti. Ya ibada, ya fama da jama'a? Allah ya taimaka.

Ranka ya daɗe, albishirinka. Kada ka damu da goron, na yafe. Yau da hantsi Sadiƙu ya fasa mana randa. Babbar randar tsakar gida, wadda ta girme ni. Ya hau bakinta ne zai leƙa tantabarun maƙwabta ta kan katanga, ta kife da shi, ruwa ya malale har zaure. Mahaifiyata, wadda duk unguwa ke kira Iya, ta biyo shi da muciya tana kiransa ɗan banzan miji mara cefane, shi kuma yana gudu yana ce mata ta tattara kayanta, ya gaji da auren tsohuwa. Ni kuwa na zauna a kan turmi ina dariya har da hawaye, har maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau. Wata da watanni rabon da a fasa wani abu a gidanmu. Amma kada dariyar ta ruɗe ka, Alhaji. A fusace nake.

Sunana Rakiya, malamar makaranta ce ni, na tsufa da alli a hannu. Sadiƙu ɗan ƙanena ne, shekararsa takwas, ni ce goggonsa. Ubansa ɗinkin babbar riga yake yi, uwarsa Habiba tana ɗinkin hula a ɗaka, gidanmu yana Ƙofar Galadima. Na yi ta zuwa ofishinka ana ce mini ka fita, har mai gadi ya fara gaishe ni da ya gajiyar jiya, shi ya sa na rubuto inda kowa zai karanta. Ban ambaci sunan asibitin ba, ban ambaci na malamin da ya duba yaron ba, saboda akwai mata masu awon ciki a wurin da suke aiki tsakani da Allah, ba na so ƙurar ta shafe su. Mutanen unguwa dai sun san inda nake nufi, kai ma ka sani.

Ga abin da ya faru, daki-daki.

Na farko. A farkon damina na tafi Kaduna zaman jego wajen 'yata. A bayana Sadiƙu ya daina barci. Ya kwanta ya tashi, ya yi ta mutsu-mutsu yana kuka, da rana kuma ya zama masifaffe, ba ya zama wuri ɗaya, ya ciji wani yaro a makaranta. Aka ce a kai shi asibitinku, tunda kati kyauta ne, magani kyauta. Uban yana kan aikin wata riga da za a karɓa, saboda haka mata biyu suka raka shi: Iya, kakarsa, da Habiba, uwarsa.

Alhaji, a birnin nan aka haife ka. Kai ma ka yi kaka. Tun kafin in faɗa ka san abin da zai biyo baya in aka zaunar da kaka aka tambaye ta me ke damun jikanta, alhali jikan yana tsaye yana yi mata gwalo. Iya ta gyara zama, ta samu abin da take so. Ta ce wannan mijin nata ai mahaukaci ne tuburan. Ta ce ba ya barci, da aljanu yake kwana hira. Ta ce jiya ma ya ce zai yanka ta ya sayar da fatar a kasuwa ya auro yarinya. Ta ce a taimake ta a ba shi abin da zai sa ya yi shiru ta samu ta ci goronta cikin kwanciyar hankali. Sadiƙu ya ce ƙarya take yi, fatarta ba za ta sayu ba, ta yi yamutsa. Matan da ke kan benci suka kwashe da dariya. Duk wanda ke ɗakin ya san wasan kaka da jika ne, irin wanda ake yi a kowane gida daga nan har Ƙofar Doka. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, shi ne mai biro a hannu. Kansa na sunkuye, yana rubutu.

Na biyu. Za ka ce ina uwar take? Tana nan tsaye a bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Sadiƙu ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba, ba ta taɓa tare masa faɗa ba. Ga shi kuma mai maganar surukarta ce. Kana so Habiba ta buɗe baki a gaban jama'a ta ƙaryata uwar mijinta don ta kare ɗan farinta? Da ta gwammace ƙasa ta tsage ta shige. Malaminku ya ɗaga kai sau ɗaya ya tambaye ta ko haka ne, ta sunkuyar da kai. Shi ke nan, ya samu shaida.

Ba zan ce masa baƙo ba ne, da na yi masa uzuri. Bahaushe ne, da hularsa, ƙila ma Habiba ce ta ɗinka ta. Ya san wasan jika, ya san kunyar ɗan fari. Abin da bai yi ba shi ne ya ɗauki mutanen da ke gabansa a matsayin mutanen da suka isa a tsaya a fahimce su. Bai taɓa jikin yaron ba. Bai ce ya cire riga ba. Bai tambaye shi sunansa ba. Ya rubuta, ya miƙa, ya ce na gaba.

Na uku. A taga aka ba su ƙananan ƙwayoyi a farar leda, ba suna, ba komai, sai zane-zanen biro na safe da dare. Suka gode, suka yi wa kwamitinku addu'a. Iya har ta ce Allah ya gina muku gida a Aljanna. Ina roƙon kada ka dogara da wannan addu'ar tukuna, ana kan duba ta.

Yaro ya yi shiru kuwa. Kai, ya yi shiru! Ba a yi mako ba wuyansa ya murɗe gefe guda, idanunsa suka kafe sama, harshensa ya yi nauyi, miyau yana dalala a rigarsa. Yana tafiya kamar an ɗaure masa itace a ƙafafu. Suka ruga suka koma wajen malaminku. Ya ce ciwon ne yake fitowa fili, ya ƙara masa rabin ƙwaya. Ka sake karanta wannan layin, Alhaji, ni ma sai da na sa aka maimaita mini. Maganin ya murɗe wa yaro wuya, sai aka ƙara maganin don wuyan ya murɗe.

Unguwa kuwa ta samu abin faɗa. Ashe da gaske Iya take! Ashe dama akwai taɓi a gidan! Masu hayaƙi suka zo, masu tofi suka zo, kowa da abin da zai shafa masa. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga ƙofar gidanmu. Hedimasta ya aiko cewa a bar shi a gida tukuna, iyayen yara suna tsoro. Yaran lungu suka raɗa masa Ɗan Ƙwaya. Iya, wadda ba ta taɓa wuni ba ta tsokane shi ba tun yana cikin zanen goyo, ta kulle bakinta. Ta koma kiransa Malam Abubakar, tana yi masa magana a hankali kamar wani baƙo. Ita a ganinta bakinta ne ya kama shi. Tsohuwa ta rame, ta daina cin goro.

Na huɗu. Da na dawo daga Kaduna, tun daga zaure na san akwai magana, domin ba wanda ya fizge mini jaka yana neman tsaraba. Na same shi a zaune jikin bango, ƙuda na sauka a leɓensa bai kore shi ba. Sai na ga wani abu. Duk jikinsa ya sandare, amma yatsunsa na ta ƙoƙarin kai wa ƙugunsa. Na ɗaga rigar.

Ƙazuwa ce, Alhaji. Ƙazuwa! Ga ta nan a tsakanin yatsu, a wuyan hannu, a ƙugu, ta yi zane kamar aikin allura. Ƙaiƙayi ne ya hana yaro barci, rashin barci ya sa shi masifa. Ciwon da kowace uwa a birnin nan ta san shi, ciwon da man shafawa ke kashewa. Duk tsawon watannin nan yana jin ƙaiƙayin, ƙwayarku ba ta rage masa ko kaɗan ba, hana shi sosawa da kyau kawai ta yi, ta kuma hana shi faɗa.

Washegari na ɗauki ledar na tafi tagarku, na ce a nuna mini gwangwanin da ake ɗibo wannan ƙwayar. Aka ce ba a nunawa. Na ce to, ni ma ba na tafiya, kuma muryata ta saba da aji mai cike da yara. Aka nuna. Na sa tabarau na karanta: haloferidol. Na koma gida na karanta duk abin da na iya samu a kansa. Magani ne na manyan ciwukan taɓin hankali, mai ƙarfi, wanda ko babba ba a ba shi sai da lura. Murɗewar wuya da sandarewa da dalalar miyau duk suna cikin abin da aka san yana jawowa, ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne, a jikin takardar maganin ma an rubuta.

Na biyar, kuma nan ne na fi jin daɗin ba ka labari. Na kai shi babban asibiti wajen wata likitar ƙwaƙwalwar yara. Na tafi da Iya da Habiba, don ina so a ji daga bakinsu. Ka san abin da matar nan ta fara yi? Ta gaishe da Iya da ladabi, ta tambaye ta ya mijin nata, sannan ta ce a raka Hajiya waje ta sha iska. Ta rufe ƙofa. Ta juya ga Habiba ta ce, to, yanzu ba suruka, gaya mini.

Alhaji, shekara tara Habiba tana gidanmu, ban san tana da magana haka ba. Ashe ta san daren da ya fara susa. Ashe ta san wanda ya kwana da shi a tabarma ɗaya ya shafa masa. Ashe ta san tun ƙwayar farko cewa ba ta karɓe shi ba, har takan ɓoye wata a bakin zaninta ta ce ya sha, tana tsoron Allah tana tsoron suruka. Ta yi ta zuba kamar an ɓalle famfo, tana cewa wannan yaron, wannan yaron, har ta gama ba ta kama sunansa ba. Duk abin da malaminku yake bukata yana tsaye a bakin ƙofarsa da mayafi. Ƙofa kawai zai rufe.

Likitar ta duba yaron tun daga ka har tafin ƙafa, ta sa muka yi ta komawa tana hira da shi. Ta ce ba ta ga ciwon da ya kai a ba shi wannan magani ba. Ta hana mu yanke ƙwayar lokaci guda, ita ta riƙa rage ta da kaɗan-kaɗan har ta ƙare. Ta rubuta man ƙazuwa ta ce duk gidan a shafa, a tafasa tufafi, a shanya tabarmi. Da ka gan mu ran nan! Ni da Iya da ƙanena da gemunsa, kowa ya yi fari fat daga wuya zuwa ƙafa, muna zaune a tsakar gida kamar an jera fara a faranti. A nan ne Sadiƙu ya kalli Iya, bakinsa na motsi da ƙyar, ya ce yau amarya ta yi kwalliya. Tsohuwa ta fashe da kuka. Kalmarsa ta farko ke nan da ta yi kama da shi.

Na shida. Kada wani ya karanta wannan ya ce Malama Rakiya ta ce maganin taɓin hankali guba ne. Ban ce ba. Na san gidajen da wannan magani ya mayar musu da mutum, na san akwai yaran da da gaske suke bukatarsa a hannun wanda ya san aikinsa. Duk uwar da ɗanta ke shan irinsa, kada ta zubar don ta ji labarinmu, ta kai shi a sake dubawa. Abin da nake tambaya shi ne wa ake ba, kuma bayan wane bincike.

Ina da abokiyar aiki, mijinta babban malami ne, suna zaune can wajen gari. Ɗanta ya fi Sadiƙu ƙiriniya nesa ba kusa ba, na taɓa ganinsa a kan firij. Shi an ce kaifin basira ne ya yi masa yawa. An kai shi wajen likita, an zauna da shi, an yi gwaje-gwaje, aka ce a sayo masa ƙwallo da keke, a rage masa kallon waya. Ɗan mai ɗinkin hula ya kasa barci, an ba shi abin da ake ba babban mutum da ya fita hayyacinsa. Bambancinsu ba a ƙwaƙwalwa yake ba. Ɗaya uwarsa za ta tambayi sunan maganin, an kuma san za ta tambaya. Ɗaya uwarsa za ta ce an gode.

Kuma ba Sadiƙu kaɗai ba ne. Tun da abin nan ya faru nakan je in zauna a bencinku ranar da ake ganin yara. Ban ƙirga ba, ba aikina ba ne, naku ne. Amma na gane tafiyar, wannan tafiya ta ƙafafun itace, na kuma gan ta a jikin yaran da ba namu ba. Akwai yarinyar da kuka kawai take yi tun da uwarta ta rasu. Akwai yaron da ke fitsarin kwance. Na tambayi masu riƙe da su sunan abin da ake ba su, ba wadda ta sani. Sun ce dai yaran sun natsu. Ai kuwa dole su natsu.

Kyauta kuke bayarwa, na sani, Allah ya saka. Amma kyauta ba ta sa a ɗaga wa mutum ƙafa a kan ɗan wani. Talaka bai zo wajenku don a kashe masa ƙarar ɗansa ba, ya zo ne a duba masa shi.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga buƙatuna.

Ɗaya, kada a sake ba wani yaro irin wannan magani a asibitinku sai likitan da ya karanci fannin ya gan shi. In ba ku da shi, ku tura inda yake.

Biyu, a nemo duk yaran da ke karɓarsa yanzu a kai su a sake duba su, da motar kwamiti, wadda nake gani tana kai yara makaranta da safe, ban dai ce na wa ba.

Uku, a rubuta sunan kowane magani a jikin ledarsa, a kuma faɗa wa uwa da baki abin da za ta lura da shi. Wadda ba ta karatu tana da maƙwabciya mai yi.

Huɗu, a koya wa ma'aikatanku su ɗaga riga, su kuma fitar da suruka waje. Wannan ba ya bukatar taro a otal.

Biyar, ita ce wadda ta sa na ɗauki biro. Ƙwaya ta fita daga jikin Sadiƙu, amma sunan bai fita ba. Na kai wa hedimasta bayanin likita, ya karanta, ya yarda, ya ce amma iyayen yara ba takarda suke karantawa ba, su dai sun san asibitin unguwa ya ce mahaukaci ne. Gaskiyarsa. A birnin nan in aka ce gidan su wane akwai taɓi, maganar takan bi mutum har ranar neman aurensa, ta bi ƙannensa mata da ba su san hawa ba. Bakin da ya liƙa masa shi ne zai cire. Ina so ranar da za a koma makaranta ka zo da kanka, da malamin nan, da mai unguwa, ku tsaya a gaban yara da iyayensu lokacin taron safe, ku faɗa da Hausa mai sauƙi cewa yaron nan bai taɓa hauka ba, ƙazuwa ya yi, ku kuka yi kuskure. Ban nemi a kori kowa ba. Ban nemi diyya ba, ko randar ma ni zan saya. Ku zo ku faɗa kawai.

Ɗazu bayan an share ruwa an kwashe katangar randa, ya zo ya zauna kusa da ni yana kallon ina rubutu. Ya ce, Goggo, in aka mayar da ni makaranta ba zan ƙara magana a aji ba. Na ce don me? Ya ce don kada a sake kai shi wajen ƙwaya. Yaro ɗan shekara takwas, yana tsara yadda zai yi shiru don ya tsira.

Na ce masa a'a. Na ce ya yi surutunsa, in ya yi yawa malam ya tsula masa bulala kamar kowane ɗa, iyakar abin da zai same shi ke nan. Ya ce wa ya ce? Na ce Alhaji shugaban asibiti ne da kansa zai zo ya faɗa a gaban kowa. Ya tambaye ni ko da babbar riga za ka zo, na ce da ita. Ya tashi da gudu ya tafi gaya wa yaran lungu, kafin in ɗaga kai labari ya kai bakin titi. Ka gafarce ni, na yi alkawari da sunanka ban tambaye ka ba. Yanzu duk Ƙofar Galadima ta san kana zuwa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya shirya maka zuri'a, ya sa jikokinka su hana ka barcin rana da ƙiriniya, ya kuma tsare su daga hannun mai rubutu kai a sunkuye. Allah ya ba ka ikon faɗin gaskiya a tsaye, ya kawo ka lafiya ranar komawa makaranta. Za mu ajiye maka wuri a inuwa.

Wassalam.

Malama Rakiya, goggon Sadiƙu,
Ƙofar Galadima, Birnin Zazzau.